Wane Ne Firaminista?

Zuwa ga ƙanena Lachlan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Bronwyn da yara kuna lafiya a Brisbane.

Baba ya faɗi a garken tumaki ranar Talata, ya fasa goshi. Sai da na ja shi har asibitin cikin gari, tunda nas ɗin da ke zagayo ƙauyenmu kun ɗauke ta. Likita ya tashi gwada hankalinsa, ya ce, "Wane ne firaminista?" Baba ya faɗi suna, likita ya girgiza kai ya hau rubutu. Ashe da safiyar nan 'yan siyasar Canberra, babban birnin ƙasa, sun sake tsige firaminista sun ɗora wani. Ni kaina sai a rediyon mota na ji. Yanzu wai ƙwaƙwalwar Baba ta taɓu, a kai shi gidan tsofaffi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kai da ke ofishin lafiya na jiha, me kuke yi ban da shan shayi? Baba ba zai bar gonar nan ba.

Yayarka,
Raelene

Rae,

Muna amsawa, kowa lafiya.

Ba don mugunta aka janye nas ba. Kason tarayya ne ya maƙale, duk ministan da muka shawo kansa, kafin ya sa hannu an canja shi. Firimiya, shugabar gwamnatin jiharmu, ta ce jiha ta gaji da jira: asibitocin karkara ne farko, sabon filin wasa ya dakata. Nas za ta dawo wata mai zuwa, ta sake gwada Baba a gida. Amma da na kira shi a Kirsimeti, ya yi ta tambayata ko na gama makaranta. Ki sa masa ido.

Ki gaishe shi,
Lachlan

Lachlan,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba.

Kai ma ka zama likita ta waya? Tsokanarka yake yi, har gobe bai yarda ka iya komai ba. Nas ta dawo, wannan karon kun yi abin kai. Ba ta ko ambaci Canberra ba, ta ce tambayar firaminista ai ko ita sai ta duba jarida. Ta tambaye shi sunan karensa da watan da ake aske tumaki, ya amsa tsaf. Yana nan a gidansa. Ka ajiye shawararka.

Ka gaida yara,
Raelene

Lachlan,

Barka da war haka.

Jiya da rana ina zuba wa Baba shayi, ya dube ni da fara'a ya ce, "Sannu yarinya, ke ce sabuwar nas ɗin?"

Ka zo.

Yayarka,
Rae