Sandar Baba Tana Cikin Gilashi

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Mahalicci ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Darlene da yara, ya kuma tsare ƙafarka a kan ƙarafan gadar da kuke ginawa a Alaska. Mu muna nan dai. Ƙanƙara ta narke, kogi ya buɗe, Gwaggo Verna ta rabu da tarin da ya dame ta. Na rubuto ne don ba ka ɗaukar waya, kuma ka san ni, bakina bai kai alƙalamina ba.

Jikin Baba ya yi tsanani. Likita ya ce huhun ya gama, mu daina maganar watanni. Mun dawo da shi gida, gadonsa na falo kusa da taga. Kullum ina rubuta abin da ya ci a littafina. Jiya miyar masara ce kawai, ita ma ya ture kwanon. Tsofaffin 'yan wasansa na kwaleji suna zuwa, ƙarti da furfura, su tsaya bakin gado da hula a hannu suna kiransa Koci. Wani ya fara lissafo masa kofunan da suka ci a shekarun da ya yi yana horar da 'yan lakros, wasan nan namu na cafe ƙwallo da sanda mai raga. Baba ya buɗe ido ya ce masa, da gudunsa ya kai surutunsa da kofunan sun fi haka. Aka yi dariya, shi kuma tari ya sarƙe shi.

Maganar sandarsa ce ta sa na zauna rubutu. Ka tuna ranar da kwaleji ta karrama shi, suka karɓi sandarsa ta itace, wadda Kaka ya lanƙwasa ya saƙa mata raga, suka sa ta a akwatin gilashi ƙarƙashin hotonsa. Yanzu hankalinsa duk yana kanta. Ba sai na gaya maka ba, a al'adarmu da sandarsa ake binne ɗan wasa, don ya ci gaba da wasa a can. Ya ce shi ba zai isa wajen kakanni ba komai a hannu ba, a zaunar da shi gefen fili kamar mai sayar da lemo.

Ranar Talata na je kwalejin. Na zaci za su hana, har faɗa na shirya a mota. Sabon shugaban wasanni, mutumin kirki, ko musu bai yi ba. Ya kawo mabuɗi, ya ciro ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Wendell, sai na mai da hannuwana baya. Tun muna yara Inna ta koya mini mace ba ta taɓa sandar itace ta namiji. Bawan Allah ya tsaya riƙe da ita yana tambaya ko wani laifi ya yi. Na ce a'a, ya mayar, wani zai zo. Har yau ina tambayar kaina ko wauta na yi. Da na naɗe ta a bargo, wa zai sani? Amma Baba kallo ɗaya zai yi mini ya gane.

Kawu Orris ya ce shi zai ɗauko. Baba ya ce ya rufa wa kansa asiri, hannun da bai taɓa cafe ƙwallo ba, sandar ma zai yar a hanya. Sannan ya juya fuska bango ya ce ɗansa ne zai kawo ta, in kuwa bai zo ba a bar ta ta ci gaba da zama abin kallo.

Na san abin da ke ranka. Ya ajiye ka a benci a wasanka na ƙarshe don kada a ce Koci Tarbell ya yi son kai, aka ɗaga kofi kana zaune. Ban ce ya kyauta ba. Na tambaye shi ko in rubuta maka cewa ya yi nadama. Ya ce kada in sa masa magana a baki, yaron nan ba ya komowa tsaron baya a lokacin, kuma kowa ya gani. Don haka ba ni da ban-haƙurin da zan aiko maka. Abin da na sani kawai, in ba ka zo ba haka za mu rufe shi hannu wofi, don ba wanda zai ƙetare maganarsa. Kawu Orris ya riga ya yi magana da masu haƙa kabari.

Ka gaida Darlene, ka shafa mini kan Jolene da ƙaramin Leander, mai sunan Baba. Gwaggo Verna tana gaishe ka, ta ce ta gyara ɗakinka, ko ka kwana ciki ko kada ka kwana.

Yayarka,
Loretta