Ƙugiya Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Aiki ya shigo maɗaba'a: ɗan littafin bajekolin zane-zane, takensa Ƙuri'a Ba Haja Ba Ce. Kwafi dubu biyu. Na buɗe shafin farko in fara duba kurakurai, sai ga hotonsa. Mai Ambulan. Shi ya ɗauki nauyin taron, shi ne kuma babban baƙo a tattaunawar da za a yi. A ƙarƙashin hoton an rubuta: "Mai kare 'yancin masu zaɓe."

Na cire tabarau na goge. Yana nan.

Talata, 4 ga Maris

Shekara ashirin da shida ke nan. Ina shugaban makaranta, ina jami'in rumfar zaɓe. Ya ajiye ambulan a kan teburina da takardar sakamakon da ba ita muka ƙirga ba. "Malam, sa hannu kawai, biro ba ya ciwo." Na ƙi. Bayan wata uku aka kore ni. Wani ya sa hannun, Mai Ambulan ya ci kujera, ni na ƙare da jan biro ina farautar waƙafi a rubutun mutanen da ba su kai ɗalibaina ba. Tun ranar ban sake dangwala wa kowa ba. Katin zaɓen ma na ƙona shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na samu! Ƙugiya ɗaya a kan harafin k. Mai kare ya koma mai ƙare. "Mai ƙare 'yancin masu zaɓe." Ban taɓa ganin gyaran da ya kai wannan gaskiya ba. Na sa ta, mai buga rubutu ta shigar ba ta ko ɗaga kai ba. Kwafi dubu biyu a hannun mutane, da hotonsa yana murmushi a sama.

Na ci abinci har da ƙari.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai maɗaba'a yana ta rawar jiki. "Malam, wannan aikin a duba shi da ido huɗu. In ya ji daɗi, fastocin kamfen ɗinsa duk namu ne." Na ce da ido shida ma na duba.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo, hannu duk fenti. Ashe tana cikin masu zanen da aka zaɓa, shafi na sha ɗaya, ni ina can na maƙale a shafin farko. Karon farko ke nan da za a rataye aikinta a zaure. Na ce kuɗin wa ya sayi ƙusar da za a rataye shi? Ta ce, "Baba, bangon nasa ne, zanen nawa ne." Na ce uwarki ta rasu a gidan haya saboda mutumin nan. Ta ce, "Na sani. Ina wurin."

Kowa a kwamitin ya san ubanta ne mai duba rubutun. Ita ta kawo mana aikin ma, wai don in samu ɗan alheri.

Lahadi, 9 ga Maris

To sai me? A cire zanenta. Ni ba a cire ni ba?

Litinin, 10 ga Maris

Gobe za a ɗora a inji. Na karanta shafi na sha ɗaya. Sunan zanen: Hannun Da Ya Ƙi. Hannu ne kawai a kan tebur, biro a gefe, ambulan a rufe. Ɗan yatsan ya karkace kamar nawa, har tabon ƙunar nan na wuyan hannu. Yaushe yarinyar nan ta ƙare min kallo haka?

Ta sa waƙafi inda bai dace ba. Na gyara.

Talata, 11 ga Maris

Na cire ƙugiyar. Ba don kowa ba. Shekara goma sha tara kuskure bai fita daga teburina ba, ba zan ɓata suna a kan wannan ƙaton banza ba. Mai inji ya ce, "Malam, ka sa ka cire, lafiya?" Na ce ka kula da tawadarka.

Asabar, 15 ga Maris

Na je taron. Kujerar baya, kusa da ƙofa. Mai Ambulan ya yi ƙiba, ana riƙe shi ya hau matakala. Minti arba'in yana bayani a kan illar kuɗi a siyasa, ana tafi. Da aka ba masu zane dama, Auta ta karɓi lasifika. Ta ce hannun mahaifinta ne, ta faɗi shekarar, ta faɗi rumfar. Sannan ta juya gare shi: "Ranka ya daɗe, ko ka tuna abin da ke cikin ambulan ɗin? Mu dai ba mu taɓa gani ba."

Wata tsohuwa a gabana ta fashe da dariya, sai ta bazu. Ya nemi ruwa. Ya ce a wuce tambaya ta gaba.

Da ƙugiyata ce, wataƙila mutum biyar ne za su lura.

Lahadi, 16 ga Maris

An sauke zanen da safe, wai bangon na yoyo. Auta ta kawo shi a baro, tana dariya. Yana jingine a ɗakina, ya tare taga. Fastocin kamfen ma sun tafi wata maɗaba'ar. Mai maɗaba'armu ba ya amsa gaisuwata.

Laraba, 19 ga Maris

Hanyar kasuwa ce ta bi ta ofishin rajistar masu zaɓe, kuma layin ba tsawo. Ba wai zan yi zaɓen ba ne. Ma'aikaciyar ta rubuta sunana ba ƙugiya. Na tsaya a kanta sai da ta sa.