Amshi Na Hannuna, Ɗiyan Waƙa Na Wurinka

Zuwa ga Yayana Labbo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan wannan wasiƙa ta iske ka a duk inda Allah Ya ajiye ka. Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na rubuta ta a nan inda jama'a ke karantawa. Wataƙila cikinsu akwai wanda ya taɓa ganinka, ko wanda ya saci muryarka a waya ba ka sani ba.

Damina biyu ke nan tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Gwashi, kuna dawowa daga biki da rana tsaka. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni a gida. Bawa mai kalangu ya faɗa cikin dawa ya tsira, kai kuma aka wuce da kai daji. Mun jira kira har mun gaji. Ba wanda ya kira, ba wanda ya kawo labari, mai daɗi ko marar daɗi.

Inna lafiyarta lau, sai rigima. Ta hana a yi zaman makoki. Duk wanda ya soma yi mata ta'aziyya sai ta tare shi da cewa, "Wa yag ga gawatai?" Shuɗiyar rigarka ta zuwa wasa, wadda kake hana ni ko taɓawa, kowace Juma'a sai ta fito da ita ta shanya ta mayar.

Garinmu Gummi kuwa, da za ka dawo yau, sai ka tambayi hanya. Ka san yadda muke a da: mu da kalangunmu, ga mai gurmin bakin kasuwa, ga matan amada da ƙwaryarsu, ga yaran nan 'yan fiyano da kake yi wa ba'a wai akwati ke yi musu kiɗa. A sati guda sai a rasa wanda za a kira, kowa yana da wurin zuwa. Yanzu mai gurmi ya koma sayar da fetur a kwalba. Matan amada sun mayar da ƙwarya wurin fura. 'Yan fiyano sun tafi birni. Biki ya koma ɗaurin aure da azahar, kafin la'asar kowa ya kama gabansa, don an ce kiɗa yana sanar da mutanen daji inda taro yake. Gayya kuma, tunda gonakin nesa suka gagara, wa zai kira ganga?

Wanda ya rage shi ne mai sifika da memori, mai sako waƙoƙin da aka ɗauka a waya. Ka tuna yadda kake dakatar da waƙa in ka hango an ɗaga waya? "In sunka sa mu cikin memori, wa ka kiranmu?" Gaskiyarka, Yaya. Amma taurin kan nan naka, wanda har jaki zai zo ya ɗauki darasi, ni ya bari da jidali. Ko waƙa ɗaya taka ba mu da ita a ajiye.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Makon jiya ɗiyar Baba Sarkin Noma ta zo gidanmu. Kai ka san shi, amma masu karantawa ba su sani ba: shi ne dattijon da ya fi kowa noman shinkafa a fadamarmu, wanda ka yi wa waƙar da ta fitar da sunanmu. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, baki ya rufe. Ta ce kwana da kwanaki yana buga gefen gado da hannunsa mai lafiya, bugu iri ɗaya, har ta gane takensa yake kaɗawa. Tana so ya ji waƙarsa ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance, jikoki kuma su ji sunayen kakanninsu da na gonakin da ke cikinta.

Na ce mata to. Ban ko yi shawara ba. Shekara goma sha tara ina tsaye a bayanka ina amshin wannan waƙa, ta yaya zan ce ban san ta ba?

Ashe ban san ta ba, Yaya.

Kai ka koya mini aikin, kuma na koye shi fiye da kima. Ranar farko da ka tsayar da ni a bayanka ka ja mini kunne: "Ɗan amshi ba ya sauraren waƙa, wutsiyatta shika jira." Haka na yi. Kana jan ɗan waƙa, wato baiti, ni ina tara numfashi, kunnena na kan kalmar ƙarshe da saukar kalangun Bawa, don kada in makara ko in riga. Ban taɓa makara ba, kai shaida ne. Har aku kake kirana. To akun naka wutsiya kawai ya riƙe. Na san wani ɗa yana ƙarewa da "jikan Magaji", wani da "bakin gulbi", wani da "ta Allah ba taku ba". Abin da ke gabansu duk yana wurinka.

Mun je da la'asar sakaliya, ni da Bawa. An fito da Baba ƙofar ɗaki an jingina shi da matashi, jikoki sun zagaye shi. Sai muka tsaya yadda muka saba, ni a hagu, Bawa a dama, muka bar wurinka a tsakiya. Ba mu shirya hakan ba, ƙafa ce ta saba. Bawa ya dube ni ya ce, "Mani, matsa tsakiya, ba a waƙa da rami." Ka san abin da ke tsakaninmu: muddin jagora na da rai, ba mai taka wurinsa. Na daɗe ina kallon ƙasar wurin. Daga baya na matsa.

Bawa ya saki taken. Wallahi hannunsa bai manta komai ba. Baba ya ɗago kai, idonsa ya buɗe. Na ɗauki amshi:

Laka ba ta jiran raggo,
Na Hajo, kama hauya.

Sai wurin da kake shigowa ya zo. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Kalangu na ta faɗin maganar, ina jin hawanta da saukarta, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Bawa ma a hannu yake da waƙar, ba a baki ba. Ya kaɗa ɗan har ƙarshe ni ina tsaye kamar turmi, da ya kai wutsiya na ce "jikan Magaji", na koma amshi.

Haka muka yi ta yi. Amshi, shiru, wutsiya, amshi. Duk sanda shirun ya zo sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ni, leɓensa na motsi. Yana da kalmomin, Yaya, duk suna cikinsa, ya rasa bakin faɗa. Ni ga baki lafiya lau, babu kalmomi. Na durƙusa na kai kunnena kusa da bakinsa, iska kawai na ji. Jikokin na kallonmu, ko sunan kaka ɗaya ba su samu cikakke ba.

A zagaye na tara ɗiyar ta ce, "Ya isa hakanan, Allah Shi saka da alheri." Ta share wa Baba hawaye da bakin gyalenta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna ba ta tambayi yadda waƙa ta kasance ba. Ta ce, "An ce ka tsaya tsakiya." Na ce e. Ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, tuwo kawai take turo mini. A wurinta na binne ka ke nan. Ni kuwa na taka wurin naka, ban ko iya cika shi ba, na yi biyu babu.

Tun ranar nake bin tsofaffin da suka yi gayya a gonar Baba. Wannan ya ba ni rabin layi, wancan ya ce ba haka ba ne. Wanda aka ce ya fi kowa riƙe ta ya yi gudun hijira, ba a san garin da ya sauka ba. Ɗiyar Baba ta aiko jiya cewa ya daina cin abinci sosai, amma bai daina buga gefen gado ba.

Ina kewarka, Yaya. Ina kewar faɗanka, da yadda kake karkata hula kafin ka ja waƙa kai ka ce gari duka naka ne. Ina kuma jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Da ka zaunar da ni ko yini ɗaya ka ce in saurara daga farko.

In kana da rai kuma wannan ta kai gare ka, ko ba za ka iya dawowa ba, ka sami wanda za ka faɗa wa ɗiyan waƙar nan ya kawo mana. Baba ba shi da sauran lokaci mai yawa.

Wurin addu'a nake tsayawa kullum, don ban san wadda ta dace da kai ba. In na ce Allah Ya jiƙanka, Inna na ji. In na ce Allah Ya dawo da kai, zuciyata ta karye. To ga wadda na iya: Allah, Kai Ka san inda Labbo yake. In yana bisa ƙasa, Ka kwance shi Ka nuna masa hanyar gida. In yana ƙarƙashinta, Ka yalwata masa, Ka sanar da mu, ko Inna ta samu ta yi kukanta. Ka sauƙaƙa wa Baba Sarkin Noma. Amin.

Na koma hagu, Yaya. Wurinka na nan.

Ƙanenka mai jiran ka ja ya amsa,
Mani