Ga Jan Birona, Ka Kawo Aikin da Ƙafarka

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara ashirin da huɗu, Baban Ni'ima,

Assalamu alaikum. Ka san ni ba mai zaƙin baki ba ce; yaranmu ma cewa suke gaisuwata faɗa ce. To yau ka daure ka karanta, ya ruwan farkon damina, ya iskar teku da ke ratso Agege idan rana ta take!

Jiya Ni'ima tana haɗa kayan aurenta, ta ci karo da littafinka mai koren bango. Ka tuna shi? Ka zo daga Maradi kana gadi a Isolo, Hausa da Faransanci ne a bakinka, oga ya ce sai da Turanci. Aka kawo ka zaurenmu, a gaban Baba, wai ni mai sakandare in koya maka. Ranar da muka zo kan kalmomin da ke maye gurbin think, na ce consider auna abu ne kafin yanke shawara, ponder juya shi ne a zuci har ya hana ka sakat, reflect kuwa waiwayen abin da ya wuce. Na ce ka yi jimla da kowace. Duk a kaina ka yi su! Ni kuwa na zare jan biro na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta a ƙasa: "Ɗalibi ya kama kansa." Ka yi murmushi ka ce, "Malama, gobe ma a ba ni aiki."

Kuma dokata ce, ba na karɓar aiki a hannun ɗan aike. Motar haya ta danfo har biyu kake shiga, ko ana ruwa, don ka miƙo mini shafi guda. Wace mace aka taɓa yi wa haka?

Kaicona, ban taɓa ajiye biron nan ba! Ranar sa ranar Ni'ima ka miƙe kana yi wa surukanmu na Ebute Metta jawabi da Turancin da ka sha wuya a kansa, na gyara maka kalma daga bayan labule, kowa ya ji. Aka yi dariya. Ka koma ka zauna. Da sati ya zagayo ka ce za ka duba gona a Maradi. An girbe gero tuni, Baban Ni'ima. Wace gona ce ta rage?

Kullum ina yi wa yara wa'azi cewa mai laifi ya buɗe baki ya amsa. To na amsa: na yi laifi, ka yafe mini. Wata huɗu ina juya abin a zuci, ina waiwaye, ina aunawa. Duk kalmomin da na koya maka sun dawo kaina. Gidan ya zama rijiya ba ruwa. Shayinka ma har yau kofi biyu nake haɗawa.

Saura sati uku ɗaurin aure. Yarinyar nan ba ta cin abinci, ni ma ba na ci.

Ga jan biron nan cikin ambulan, Idi direba zai ba ka. Bi wasiƙar nan ka gyara duk inda na kauce, ba zan yi musu ba. Amma dokar tana nan: ba na karɓa a hannun ɗan aike.

Taka har numfashina na ƙarshe,
Malamarka, Maman Ni'ima