Kada Ki Dawo Tukuna, Tasnim

Zuwa ga Tasnim, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakar ranar Umdurman, ruwan Nilu a maƙogwaron mai ƙishi. Habibti, masoyiyata, ina gaishe ki daga unguwarmu ta Alsawra, da zuciyar da ba ta sake kwanciya ba tun da yaƙi ya rufe mana jami'a, ya kai ki Kano wurin dangin kakanki.

Saƙonki ya same ni a garejin da nake aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, hannuna duk baƙin mai. Kin ce a jami'ar can sun mayar da ke ajin farko, ke da kika kai shekara ta uku a ilimin haɗa magunguna! Kin ce 'yan ajinki da Turanci suka tashi, ke kuwa da Larabci kika sha kimiyyarki, malami na bayani kina fassarawa a zuci har ya wuce ki. Ƙawarki Rim a Alƙahira ba ta koma baya haka ba, abokinmu Mazin kuma a Kampala sai da ya shekara yana koyon yare kafin ya shiga aji. Don haka kin gaji, kina son dawowa.

Wayyo, tauraruwata! Ki dawo ki tarar da me? Ni ɗalibin injiniya, darasina yanzu murya ce a waya, ranar da aka samu shabaka, wato intanet. Kina kukan cewa a can ana kiran suna kowace safiya, wanda ya yawaita fashi ba ya zama jarrabawa. Ni kuwa me ba zan bayar ba in ji an kira sunana a aji, in ɗaga hannu? 'Yan ajinmu sun watse ƙasa-ƙasa, wasu sunayen ma babu mai amsa su har abada.

Kin tuna safiyoyinmu a bas, muna haye gada? Ki miƙo mini littafinki in yi miki tambayoyi, in kwaɓa sunan magani, ki rufe baki da gefen mayafi kina dariya, har kwandasta ya juyo. Wallahi wannan dariyar ce abincin raina har yau.

Amma ga abin da ke yanka ni: ni da nake mutuwar son ganinki, ni ne nake roƙonki ki yi nesa da ni. Ba zan iya barin mahaifiyata Hajiya da ciwonta in biyo ki ba. Kada ki bar aji mai malami saboda ni. Ki zauna a sahun gaba, ki yi tambaya ko za su yi dariyar harshenki. Gobe idan an kira sunanki, ki amsa da ƙarfi, amsar mutum biyu.

Shekarun da suka ƙara miki, ni suka ƙara wa jira, na kuma karɓa. Ba zan kalli wata ba, ko furfura ta riga ki isowa.

Naki har numfashin ƙarshe,
Ammar