Babu Dusar Ƙanƙara a Madina

Madinat Nasr, Alƙahira
8 ga Janairu

Zuwa ga maigidana abin alfaharina, Malam Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka sauka Madina lafiya, ya gajiyar hanya, ya kuma ibada? Ka ce ba za ka riƙa ɗaukar waya ba don kada ta shagaltar da kai daga umara, shi ya sa na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo maka.

Sanyin Alƙahira ya tsananta, bargo biyu nake rufa. Ina ta yi maka dariya ni kaɗai in na tuna jibgegiyar rigar sanyin da ka sayo a kasuwar gwanjo, kai da ko a nan da jallabiya kake yawo. Ka ce asubar Madina ba ta da wasa, to Allah ya ba da lada.

Kada ka manta da takardun addu'ar da maƙwabta suka ba ka, suna aljihun jakarka na gefe. Bakhita, 'yar Sudan ɗin nan ta hawa na uku, kullum sai ta tambaye ni ko ka karanta tata. Tawa ka san abin da ke cikinta, shekara biyar muna roƙon haihuwa.

Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, za ta ƙare ƙarshen wata, kuma ba a sabunta ta sai da takardarka ta jami'a. Ka dawo da wuri.

Taka har kullum,
Fiddausi

13 ga Janairu

Malam,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ina tambaya ne da gaske, don duk abin da ka yi mini ban so maka wannan ba.

Jiya da hantsi abokinka Jibrin ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni, ya miƙo mini wayarsa. Na ga wani ƙaramin jirgi mai farfela ya rabe biyu a ƙarshen titin jirgi, ko'ina fari fat. Jibrin ya ce a wani babban filin jirgi ne na Turai. An wanke wa jirgin ƙanƙara, sai ya daɗe a layi yana jiran a ba shi hanya, dusar ƙanƙara tana zuba, har ta sake daskarewa a fikafikansa. Ya ɗaga kaɗan ya faɗo. Mutum goma sha bakwai sun rasu.

Na yi salati, na ce Allah ya ji ƙansu, amma me ya haɗa ni da wannan? Sai ya tsayar da hoton a kan wani da aka ɗauko a gadon marasa lafiya. Rigar na fara ganewa kafin fuskar.

Malam, babu dusar ƙanƙara a Madina. Ashe limanci ka samu a wani ƙaramin gari can Turai, in ji Jibrin, kuma tun wata biyu da suka wuce ka janye sunanka daga jami'a. Kana zaune kana cin tuwon da na tuƙa, kana jin ina lissafin ranar zuwa ofishin iƙama, ba ka ce uffan ba. Na yi sujadar godiya da ka rayu, na ɗago na rasa inda zan sa kaina don baƙin ciki. Bakhita ta sake tambaya, na ce mata ban sani ba.

Allah ya ba ka lafiya.
Fiddausi

24 ga Janairu

Malam Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar da ta karye tana haɗuwa, ciwon ƙirjin ma ya yi sauƙi.

Na saurari saƙonka, na ji kukanka. Ka ce niyyarka in ka zauna da gindinka ka aiko in biyo ka, ka ce kana kwance babu mai ba ka ko ruwa da Hausa, in taimaka in zo. Wallahi na tausaya maka. Da Jibrin ya ce kamfanin jirgin yana kai iyalan waɗanda suka ji rauni wurinsu, ban tsaya fushi ba. Na ɗauki fasfona da takardar aurenmu, na shiga motar haya tun da safe, na bi layi a ofishin jakadancin ƙasar har azahar.

Matar da ke wurin ta duba na'urarta ta daɗe, ta ɗago ta dube ni, sannan ta juyo mini da takardar bizarka. A gurbin aure ka rubuta ba ka da mata, da sa hannunka da na sani a ƙasa. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba za su iya ba ni biza a matsayin matar wanda ya ce bai taɓa aure ba. Ta ce in na dage sai sun binciki takardunka, kuma za a iya koro ka.

Ban dage ba. Na tattara takarduna na fito, ban tona maka asiri ba, kuma wannan ne alheri na ƙarshe da zan yi maka. Ranar Alhamis zan koma Zariya wurin Baba kafin iƙamar ta mutu. Mahaifiyarka ta kira sau uku tana tambayar Madina, na ce ta jira ta ji daga bakinka.

Abu ɗaya nake nema. A saƙonka ka ce likita ya ce hannunka na dama lafiya lau yake. Ka riga ka rubuta wa Turawa ba ka da mata, saura ka rubuto mini tawa takardar.

Wassalam,
Fiddausi Habibu