Gorar Ruwan Rijiyarmu

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya yaran Yaya? Ni lafiya lau, sai dai nan ko sallama na yi ba mai amsawa.

Kin tuna ruwan rijiyarmu da kika ɗuro min a gora, wai kada baƙon ruwa ya ɓata min ciki? Jiya a ɗakin gwaji na tsoma masa na'urar da muke ƙerawa, mai gano guba a ruwa da 'yar wutar lantarki. Da wasa na yi. Ta nuna gubar dalma, Inna, har sau uku.

Don Allah ku daina sha, musamman yara.

Ragowar na nan bakin tagata. Ba na sha, na kuma kasa zubarwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Autanki